Rasuwar Ƙande, Rediyon Fatoma Ajimi Mai Jin Jiragen Sama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, tare da miƙa al'amari ga Wanda ya ara wa ƙarfe murya kuma ya karɓi abinsa, gidan Fatoma Ajimi na Dungas yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan gida da na Magariya da Mallawa da na ƙetaren iyaka, rasuwar rediyonsa Ƙande. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin kwanakin ƙarshe na watan Babbar Salla na wannan shekara ta 1977, a kan cinyar maigidanta, tana tsakiyar magana. Ba ta bar wasiyya ba. Abin da aka ji daga bakinta na ƙarshe sunan wani gari ne, shi ma ba ta ƙarasa shi ba.

Saboda waɗanda sanarwar nan za ta iske a nesa, ya kamata a faɗi ko wane ne mai rashin. Ajimi fatoma ne, wato mai saukar da fatake, kuma a zaurensa ake kwance kaya tun zamanin mahaifinsa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, amma yana da aƙida guda wadda ba a taɓa shi a kanta: sallama ba ta faɗuwa ƙasa a ƙofarsa. Mun ji ya amsa daga banɗaki. Mun ji ya amsa da lomar tuwo a baki har ya ƙware. Shekarar da masassara ta kwantar da shi, sai da ya sa aka jawo gadonsa kusa da ƙofa don kada wani baƙo ya yi sallama sau biyu.

Marigayiya ta zo gidan ne ta hannun Ari, falken shanu da ke sauka wurinsa duk shekara a kan hanyar Ikko. A shekarar babban fari Ari ya iso ba saniya ko ɗaya, sai sanda da buta, Ajimi kuwa ya riƙe shi har damina ba tare da ya nuna masa ko a fuska ba. Da Allah ya mayar wa Ari da arzikinsa, sai ga shi da akwati baƙi mai hannun ɗauka, da sandar ƙarfe da ake zarowa har ta fi kamu biyu. Kellu, matar Ajimi, ita ta raɗa mata suna. Ta ce tunda maza huɗu ta haifa a jere ba mace, wannan da ta biyo bayansu Ƙande ce, a ba ta wuri ta zauna.

A farkon zamanta ba ta bambanta da sauran 'yan uwanta ba. Takan kawo labarun Yamai da safe, ta kawo gaisuwar Kaduna da yamma, ta ci pil, wato batir, manya shida ba ta ce an rage mata ba. Baiwarta ta bayyana ne wata safiya da Ajimi ya murɗa wani maɓalli da bai taɓa kusanta ba, wanda aka zana ɗan hoton jirgin sama a gefensa. Ƙande ta yi shuuu, ta yi ƙaf, sai ga muryar namiji mai alamar gajiya:

"Kano, Kano."

Wani Turanci ya biyo baya da sauri, sannan shiru. Akwai wani shofer, direban mota, cikin baƙin ranar, shi ya ce wannan matuƙin jirgi ne, kuma a saman kanmu yake. Muka fita waje muka ɗaga kai, ga farin zare ya ratsa sama ya nufi kudu. Muka komo, muryar ta sake kiran Kano, aka sake yin shiru. Ajimi ya tambayi shofer ko mutanen Kano sun amsa. Shofer ya ce shi dai bai ji ba. Duk wanda ya san Ajimi ya ga abin da ke faruwa da shi a lokacin: ya gyara zama, ya cire hula, ya mayar, gumi ya tsatso masa. Mutum yana tafe tsakanin sama da ƙasa, ba inuwa ba rijiya, yana sallama ana share shi. Da aka yi kira na uku sai ya kasa. Ya sunkuya ya kai baki jikin Ƙande.

"Wa alaikumus salam, baƙo. Sannu da hanya. Nan Dungas ne, Kano tana gabanka. Ka miƙe kudu, kada ka karkata. Allah ya sauke ka lafiya."

Aka ɗan yi tsit. Sai Ƙande ta ce, "Roja," wato "na ji" a bakin matuƙa, ta kuma jero wata magana mai tsawo daidai da tasa.

Zauren ya kaure da salati. Wani Bagobiri mai sayar da kanwa ya zube ya gaishe da Ajimi kamar yau ya fara ganinsa. Kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa cewa fatoman Dungas ya fara saukar da jirage. Tun daga ranar, duk jirgin da ya ratsa saman ƙasarmu ya yi kira, a nan ake amsa masa, kuma bai taɓa wucewa bai ce roja ba.

Halayen marigayiya na kirki suna da yawa, ba za su ƙirgu a sanarwa ɗaya ba. Ba ta da tsegumi, abin da ta ji shi take faɗa. Ba ta da surutu a wannan layin nata na sama, sai in akwai magana. Ba ta nuna bambanci tsakanin mai Ingilishi da mai Faransanci, da mai cewa "roja" da mai cewa "biyan rasi", duk takan shigo da su zaure. Ta koya wa yaran gari "wilko" da "sitan bai", har ana jin su a bakin rijiya. Ta kuma kawo wa gidan wata ɗabi'a da har yau ake cin moriyarta. Shofer ɗin nan ya bayyana wa Ajimi cewa doguwar maganar da matuƙi ke yi bayan roja maimaita umarnin da aka ba shi ne, don a tabbata ya ji daidai. Ajimi ya ce bai taɓa jin tarbiyya irin wannan ba. Daga nan ya kafa doka: duk wanda aka aika, sai ya maimaita aiken kafin ya ɗaga ƙafa. 'Ya'yansa masu gemu suka koma tsayawa a tsakar gida suna jero goro da gishiri da kananzir. Baƙon da aka kwatanta wa hanyar Maigatari sai ya karanto ta tun daga kukar bakin gari har kan iyaka. An yi gunaguni, amma gaskiya ita ce tun lokacin ba a sake sayo manja a madadin man gyaɗa ba.

Mutum ɗaya ce dokar ba ta hau kanta ba. Kellu ta ce ta tsufa tana tuƙa masa tuwo ba ta taɓa maimaita komai ba, kuma ba a taɓa kawo masa fura a madadinsa ba. Ba ta ƙi Ƙande ba, ita ke goge mata jiki, ita ta sa baduku ya ɗinka mata riga ta jar fata. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne wai Nasaran da ke cikin gajimare da mijinta yake shawara. In ta ji ya fara nuna wa jirgi kudu, takan leƙo ta ce, "Malam, in ka gama da shi, akuyarka ma ta ɓata hanya, tana cikin rumbun maƙwabta."

A shekara ta biyu aka jarrabi gidan da ilimi. Harisu, ɗan ƙanwar Ajimi, wanda ke aiki a filin jirgin Damagaram, ya zo yawon salla. Yaron kirki ne, ya zauna ya ga abin da idonsa, ya yi ta juya hula a hannu, da zaure ya watse sai ya matso.

"Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙande tana jawo magana daga sama, amma ba ta kai taka can. Akwai hasumiya a Kano, akwai mutum a ciki, shi ke amsa musu. Muryarsa a ƙasa take, ba ta iso nan. Ta jirgi kuwa daga sama take sauka, shi ya sa muke ji. Shirun nan da kake cikewa, a cikinsa mutumin hasumiya yake magana."

"Rojar fa?"

"Tasa ce, Kawu."

Harisu ya ga ya yi ɓarna, sai ya shiga neman abin da zai faranta masa. Ya ba shi labarin wani ɗan akwati da ke cikin manyan jirage, wanda ake kira taransifonda, wanda aikinsa kawai amsawa. A manyan filayen duniya, in ji shi, na'urar ƙasa takan tambayi jirgi, akwatin ya amsa da kansa ba sai an taɓa shi ba. In tambaya iri ta farko ce, sai ya faɗi lambarsa, wato ko shi wane ne. In iri ta biyu ce, sai ya faɗi nisan da ya yi daga ƙasa. Ajimi ya ɗan ɗago, ya ce wannan akwati ɗan gidan mutunci ne. Harisu ya ƙara da cewa akwai lambobin da ba a son gani. In rediyon jirgi ya mutu, matuƙi yakan sa bakwai, shida, sifiri, sifiri. In jirgin ne kansa ke cikin hatsari, sai ya sa bakwai, bakwai, sifiri, sifiri. Ajimi ya tambaya me mutumin hasumiya yake yi in ya ga bakwai da shida. Harisu ya ce yakan ci gaba da ba shi hanya, ko ba a amsa masa, don bai sani ba ko ana ji.

Bayan tafiyar Harisu, Ajimi ya mayar da Ƙande kan tashar Kaduna ya bar ta can. Ya rage cin abinci. Ya ji kunya ƙwarai, irin kunyar dattijon da ya gane an daɗe ana kallonsa yana gaishe da wanda ba shi ake nufi ba. Aka yi kusan mako a haka. Ranar da ya koma kan maɓallin, mun ɗauka saurare kawai zai yi, amma kira na farko da ya shigo ya amsa shi cikakke, har da addu'ar sauka lafiya. Da ya ga muna kallonsa sai ya ce, "Shi bai ji amsata ba, na yarda. Amma ni na ji sallamarsa." Babu wanda ya sake tayar da maganar, mutanen gari kuwa dama ba su taɓa yarda da Harisu ba.

Yanzu sai a zo kan ciwon ajali, wanda ba ya faɗuwa sai an haɗa da tafiyar Kellu. A bana ɗan'uwanta na Mallawa ya biya mata kujerar Makka, ta Kano. Kellu mace ce da ta taɓa kashe kububuwa da taɓarya ta koma kan dakanta, ta kuma taɓa sa ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya mayar mata da tulun manta har da ban haƙuri. Amma jirgi ya ba ta tsoro. Ba ta faɗa ba, sai dai ta rame, ta riƙa zuba gishiri sau biyu a miya. Ranar tafiya, mota ta cika, ana ta guɗa da koke-koke, sai ta kira mijinta gefe wai za ta ba shi mabuɗin rumbu.

"Malam, in namu ya kira, ka amsa."

"Ai kin ce ba sa ji."

"Ban tambaye ka abin da na ce ba. Zuwa da komowa. Maimaita."

A gaban tasha, da rawaninsa da furfurarsa, Fatoma Ajimi ya tsaya ya maimaita: in nasu ya kira zai amsa, zuwa da komowa. Sannan ta ba shi mabuɗin ta hau mota.

Zuwa bai yi wuya ba, don an san ranar. Ya wuni yana amsa duk abin da ya yi motsi a sama, daga baya rediyon Yamai ya ce alhazai sun isa. Komowa ce ta zama aiki. Ba mai sanin ranar da alhaji zai samu jirgi a Jidda, wani ya yi kwana biyu a fili, wani ya yi goma. Jiragen kuma ba sa cewa ga Kellu a ciki. Ajimi ya duba ya ga hanya ɗaya ce ta cika alkawari, a amsa wa kowa. Tun washegarin salla ya kwashi tabarma da buta ya koma kan tudun bayan gari, inda Ƙande ta fi ji, daga fitowar rana har faɗuwarta. Ya bar baƙi a hannun 'ya'yansa, abin da bai taɓa yi ba.

Ƙande ta yi ta maza, amma shekaru sun ja, ga rana ga rairayi. Ciwon ya fara da tari. Daga nan murya ta dushe, sai an ɗan mare ta a gefe take farfaɗowa. Pil na kirki ya ƙare a Dungas, aka koma kan tsofaffi. An yi mata duk abin da ake yi wa mara lafiya a ƙauye. An shanya pil a rana. An ciccije su da haƙori. An dafa su cikin ruwan gishiri bisa shawarar wani baƙo da ya rantse haka ake yi a Gumel. Hinda maƙwabciya ta kawo turaren wuta ta yi mata hayaƙi, ta ce baki ne ya kama ta. An ɗaura waya daga sandarta zuwa reshen kurna, an lulluɓe ta da zanen Kellu saboda sanyin safiya. Mun ce masa ya bar ta ta huta ko wuni ɗaya. Ya ce ya sani, ya san shi ke kashe ta, amma wunin da za ta huta zai iya zama wunin. Yana faɗa yana shafa rigar fatarta, tausayinsu su biyun ya kama mu.

Ranar Talata da hantsi muryarta ta washe tas, yadda wasu majinyata ke samun sauƙin ban kwana. Sai ga kira, da murya mai nauyi, wadda Ajimi ya rantse ta jirgin da ya cika da mutane da kaya ce:

"Kano, Ka..."

Ya amsa da sauri. Ya nuna hanya, ya yi addu'a, ya kasa kunne. Ba roja. Ƙande tana ta shuuu, ba kowa a ciki. Ya sake amsawa, ya ƙara. Shuuu ɗin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Muka murɗa Kaduna, shiru. Muka murɗa Yamai, shiru. Muka ce masa ga shi nan, rediyo ce ta mutu, ba wani abu ba. Ya ce a'a, ai ta ci gaba da numfashi bayan muryar ta yanke, shi tambayarsa ita ce wa ya riga yin shiru, ita ko jirgin. Bakwai da shida ce, ko bakwai da bakwai? Ba mu taɓa ganin tsoro a fuskar Ajimi ba sai ranar.

Da gari ya waye ya goya gawar a cikin zanen, ya hau motar kaya zuwa Magariya, wurin Tamu mai gyaran agogo da rediyo a bakin kasuwa. Tamu ya kwance bayanta ya leƙa, ya girgiza kai. Dafaffen pil ɗin nan ya yi ruwa a cikinta, ya cinye hanjin har ya yi kore. Ajimi ya ce shi ba gyara ya kawo shi ba, tambaya ɗaya gare shi: kunnen ne ya fara mutuwa, ko bakin? Tamu ya nuna masa da tsinken ƙarfe. Ya ce ɓangaren da ke jawo magana shi ruwan ya fara ci, shuuu ɗin da aka ji bayan nan kukan cikinta ne kawai, a lokacin ta riga ta kurumce. Ya cire tabarau ya fara haɗa kalmomin ta'aziyya, don ya san matsayinta a gidan.

"Alhamdu lillahi!" in ji Ajimi, da ƙarfin da ya sa masu awon gero suka waiwayo. Ya rungume Tamu, ya sake yin hamdala, hawaye na zuba. Tamu ya ce tun da ya fara sana'a yake gaya wa mutane rediyonsu ya mutu, an zage shi, an taɓa kai shi gaban jandarma, amma ba a taɓa yi masa godiya ba sai ranar. A nan ake roƙon masu jin wannan sanarwa kada su ɗauki hamdalar a matsayin rashin ƙauna. Mutum ne aka ba zaɓi tsakanin rashi biyu, ya samu ƙaramin.

Murnar ba ta kai shi gida ba. A kan hanyar komowa, yana zaune bisa buhunan wake tsakanin awaki da fasinja, sai ya tuna cewa Kellu ba ta iso ba tukuna, kuma yanzu ba shi da kunne. Bayan la'asar wata mata ta nuna sama, ga farin zare. Ajimi ya miƙe tsaye bisa kaya, ya dinga dukan kan mota har shofer ya taka birki yana tambayar wa ya faɗi. Ba wanda ya faɗi. Fatoman Dungas ne ya dafe kunnuwa kamar ladan, ya ɗaga kai, ya kwarara amsar sallama da iyakar ƙarfinsa, ya nuna Kano, ya yi addu'ar sauka lafiya. Awaki suka rikice. Shofer ya buɗe baki zai yi faɗa, wani tsoho ya ce masa matar mutumin tana hanya daga Makka, sai ya kashe mota ya jira aka gama. Daga baya Harisu ya aiko da cewa a wannan lokacin jirgin da ke bi ta nan Turai ya nufa, amma babu wanda ya tambaye shi.

Daga ranar Ajimi ya koma kan tudu ba rediyo. Da ya ga zare, ko ya ji rugugi can nesa, sai ya tashi ya yi ihu. Tunda ba ya jin kira, ba ya sanin lokacin da aka gama, sai ya yi ta maimaitawa har abin ya ɓace. Muryarsa ta fara kaushi ranar Alhamis. Ranar Asabar ta koma kamar ta ɗan zakaran da ke koyon cara. Bai sani ba, Kellu tana Kano tun tuni tana fama da 'yan duwan a kan adakarta.

Ranar Litinin motar ta iso. Hajiya Kellu ta sauko da adaka da jarkar zamzam da haƙorin Makka guda, mata na guɗa har ƙofar gida. An riga an sheƙa an kira Ajimi daga tudu, yana tsaye a zaure yana haki. Ta tsaya a bakin ƙofa yadda baƙo ke yi, ta yi sallama. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake yi. Leɓɓansa suka motsa, wuyansa ya yi jijiya, iska kawai. Kowa a zauren ya san abin da ya gani: sallama ta faɗi ƙasa a ƙofar Ajimi.

Babban ɗansu ne ya yi mata bayani, cewa Ƙande ta rasu ranar Talata. Hajiya ta ɗan yi lissafi da ido.

"Ni kuwa Laraba muka sauka, bayan la'asar. Wa ya amsa wa namu?"

Ɗan ya nuna maƙogwaron mahaifinsa. Ta daɗe tana kallon mijinta.

"Shi ya sa," in ji ta. "Na ce wannan sauka da ƙarfi haka, kamar an jefar da tulu. Ashe ihu ka yi wa bawan Allah har ya firgita."

Daga nan ta shiga ɗaki ta yi kuka, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Da ta fito, ko mayafi ba ta cire ba ta ɗora masa ruwan citta da zuma.

Marigayiya ta rasu ta bar sandarta, wadda ta ɗan lanƙwashe amma tana nan da ranta, da tulin matattun pil a bayan rumbu. Ta bar maigidanta da uwar ɗakinta da yayyenta maza huɗu, da Ari wanda ya kawo ta, wanda har yanzu ba a san yadda za a gaya masa ba. Ta bar 'yan zaure da ba su san abin da za su yi da hantsinsu ba. Ta kuma bar matuƙa masu yawa na ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ba su san an yi ta ba balle su san ta tafi.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman, ya ce babu wanka, babu salla, babu maƙabarta ga akwati, kuma iyalai sun karɓi hukuncin ba gardama. Za a sa ta cikin rigarta a rufe ta a gindin kurnar kan tudu ranar Juma'a bayan la'asar. Tamu ya nemi a ba shi lasifikarta gado, an ba shi haƙuri, za ta tafi da bakinta. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo gudummawar pil, kada kuma a kunna wata rediyo kusa da gidan har a share makoki. Baƙon nan na Gumel, in yana kusa, an yafe masa, amma ba lalle ne ya zo ba.

Za a karɓi gaisuwa a zaure kwana uku. Sai dai a sani, har yanzu muryar Fatoma ba ta komo ba, zai zauna ne kawai yana gyaɗa kai. Hajiya Kellu ta ɗauki nauyin amsa sallama a madadinsa har ya warke, ta kuma sa an shimfiɗa mata tabarma a inda take hangen sama. Ta ce a rubuta cewa ita har gobe ba ta yarda suna ji ba, kuma duk wanda ya yi dariya ba shi da rabo a dabino. Saboda haka in mai ta'aziyya yana tsakiyar gaisuwa ya ga Hajiya ta ɗaga masa hannu ta kalli sama, ya yi haƙuri ya jira ta gama. Na saman ya fi shi nisan hanya.